Wa Zai Zunguri Malam?

Litinin, 2 ga Afrilu 2012, da hantsi

Jiya ma injin bai yi ba. Ko in ce injin ya yi nasa, gemun Malam ne ya ƙi.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko na huce. Malam in ya yi barci numfashinsa ɗaukewa yake yi. Zai yi ta jan minshari har maƙwabta su shaida, sai ɗif, shiru. Ni kuwa tun ina amarya na koyi abin yi: in kai masa gwiwar hannu a haƙarƙari, ya zabura ya ja iska, ya ce "Na'am?", ya koma. Yanzu ko farkawa ba na yi sosai, hannun ya san aikinsa. Da mun ɗauka halin masu jiki ne. Sai bara da Yarinyar ta kai shi asibiti a Abuja, aka kwana ana auna barcinsa, likita ya ce ciwo ne, shi ke hura masa hawan jini, kuma wata rana zuciya za ta gaji.

Yarinyar da nake faɗa 'yata ce ta fari. Ba na kama sunanta, ko a takarda hannuna ba ya yarda. Gwaggo, yayar Malam, ita ta yaye ta, ta riƙe ta har ta zama nas. Yarinyar ce ta aiko da injin wancan watan: ɗan akwati mai hura iska, da tiyo, da batir saboda ɗaukewar wuta, da takunkumin roba mai rufe hanci da baki har haɓa. Malam ya juya shi a hannu ya ce, "Uwani, wa na ciza da za a sa min takunkumi?"

To ita robar so take ta manne da fata, fatar kuwa tana can ƙarƙashin gemun da ya kai ƙirji. Sai iskar ta riƙa bi ta cikin gashi tana huci, tana busar masa da ido, ni ma tana hura min kunne. In na ƙara tamke maɗaurin, karan hancinsa ya ɗaye. Kafin asuba ya fizge ya ajiye, mu koma 'yar gidan jiya.

Alhamis, 5 ga Afrilu, bayan la'asar

Tun Juma'ar nan ta watan Janairu da bama-bamai suka tashi, garin bai koma daidai ba. An sassauta dokar hana fita, amma magariba na yi kowa ya ja ƙofarsa. Ko murfin tukunya ya faɗi sai gabana ya faɗi tare da shi.

Malam ya dawo daga rumfarsa ta huluna a Ƙofar Wambai yana huci. Jami'an tsaro sun sake tsayar da shi a shingen hanyar kasuwa. Kowa ya ɗaga hannu ya wuce, shi aka ce ya koma gefe ya ɗaga riga. Gemu ne, da kuma tsagar Barebari da ke kumatunsa. Mutumin da aka yanke wa cibiya a lungun nan! Kakansa ne ya zo daga Borno. Shi Barbarcin da ya iya bai wuce gaisuwa da zagi ba, zagin ma rabi ne.

Nata'ala, maƙwabcin rumfarsa, ya rako shi har soro. Na ji yana ce masa, "Malam Kolo, yau ma fa mai ciniki na tsaye kana gyangyaɗi da hula a hannu." Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Asabar, 7 ga Afrilu, bayan azahar

Yarinyar ta bugo waya. Ni na ɗauka, ta ce, "Malama, ina wuni?" Haka take kirana, kamar yaran da na koyar a firamare. Na ce lafiya lau, na miƙa wa Malam, yadda na saba.

Ina zaune ina jinsa yana shirga mata ƙarya. "Inji sai sam barka. Barci nake kamar jinjiri. Allah ya yi miki albarka." Da ya ajiye na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Yarinya ta yi wahala ta aiko, in ce mata bai yi ba? Ai ba a raina kyauta, balle ta ɗa."

Tambaya tana bakina: shin babu wani iri sai wannan? Amma yaya zan zauna da 'yar fari ina ba ta labarin shimfiɗarmu, yadda ubanta yake kwana a gefena? Wannan rashin ta ido ba da ni ba. Na bar maganar.

Talata, 10 ga Afrilu, da hantsi

Mun yi faɗa.

Da asuba yana jan salla a masallacin lungu barci ya sace shi a zaman tahiya, sai da na bayansa ya yi gyaran murya. Ya shigo yana jin kunya, ni kuma na ga dama ta samu. Na ce a kira wanzami a kwashe gemun nan, roba ta zauna, masu shinge ma su ƙyale shi. Na ce, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kai naka ma ya riga ya fara hayaƙi."

Ya ce, "Uwani, tun da na yi sauka aska ba ta hau nan ba. Mahaifina da nasa aka kai shi."

Na ce, "Gemu gashi ne, tsirowa yake. Zuciya in ta tsaya wa zai dasa maka wata?"

Ya kai hannu yana shafa gemun. Da na tsaya a nan da ya isa. Amma ni in na ɗauko magana sai na kai ta maƙura, halin aji ne bai sake ni ba. Na ce masa na gaji. Na ce tun ƙuruciyata ban taɓa barci mai sunan barci ba, ina gadin numfashin wani. Na ce in gemun ya fi masa, to ni zan koma ɗaya ɗakin, ya nemi mai zungurinsa.

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Ashe haka na takura miki." Ya ɗauki hularsa ya fita ko karyawa bai yi ba.

Laraba, 11 ga Afrilu, bayan azahar

Mailafiya wanzami ya zo da zabirarsa. Ina bayan ƙofar soro ina ji. Ya ce, "A rage ne, Malam?" Malam ya ce, "A kwashe." Ya sake tambaya, ya sake ba shi amsa. Sai na ji ƙarar wasa aska.

Malam da kansa ya tattara gashin a hankici, ya haƙa rami gindin bango ya binne. Da ya shigo tsakar gida ban san sanda na kawar da kai ba. Haɓar fara fat kamar cikin sabuwar ƙwarya, sauran fuskar baƙa. Tsagar da saje ke rufe rabinta ta fito raɗau har muƙamuƙi.

Gwaggo ta shigo karɓar rariya, ta tsaya turus. Ta ce, "Wane baƙo kuka yi?" Da ta gane shi ta ce, "Kolo, wa ya yi maka wannan?" Ya ce, "Larura ce, Yaya." Ta dube ni. Ta tafi ba ta ɗauki rariyar ba.

Juma'a, 13 ga Afrilu, da hantsi

Alhamdu lillahi, ya yi! Roba ta zauna daram, ba huci, ba minshari. Ni ce ma na riƙa farkawa ina sa hannu a ƙirjinsa, don shirun ya yi min yawa. Ya tashi idonsa fari tas, ba ciwon kai, ya shanye koko ya nemi ƙari. Ya ce, "Ashe haka mutane suke barci? Lallai an daɗe ana cutata."

Na ce, "Wa ya faɗa maka?" Ya ce, "Malama ce. A ba ta maki goma." Har ya tsokane ni wai yanzu zan rasa aikin yi, sai dai in riƙa zungurin filo.

Da zai tafi masallacin Juma'a na ga ya naɗa ɗan mayafi ya rufe haɓa, cikin wannan zafin. Na yi kamar ban gani ba.

Litinin, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

A gidan suna matar Nata'ala ta ja ni gefe. Ta ce, "Malama, ba gulma ba, amma mutane na magana. An ce yanzu masu gudun a gane su ne suke askewa." Na ce mata in masu maganar suna da abin yi su je su yi, mijina kowa ya san uwarsa ya san ubansa. Na faɗa da ƙarfi don na kusa su ji.

Na dawo gida zuciyata ba daɗi. Wani ne ya ja sallar la'asar yau. Malam ya ce shi ya ba shi, wai maƙogwaronsa. Ban yarda ba, ban kuma tambaya ba.

Laraba, 18 ga Afrilu, bayan magariba

Nata'ala ne ya yi sallama a soro, da hular Malam da mukullin rumfa a hannunsa.

Tare suka taso. A shinge aka ce kowa ya fito da katinsa. Hoton da ke katin Malam mai gemu ne har ƙirji. Masu shingen suka dubi hoton, suka dubi haɓar, suka dubi tsagar. Suka ce yaushe ya aske, don me ya aske, wa yake ɓuya wa. Ya ce larura ce. Suka ce ya hau mota ya yi bayanin larurar a can. Nata'ala ya ce ya rantse musu ya rantse, suka ce in yana so shi ma akwai wuri.

Na ce, "Bai ce komai ba da zai hau?" Ya ce, "Ya ce a ce miki kada ki jira shi da tuwo."

Tuwon yana nan a rufe.

Alhamis, 19 ga Afrilu, da asuba

Wa ya zungure shi jiya?

Lahadi, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Ni da Gwaggo mun zaga duk inda aka ce mu gwada. Na saka injin a jaka na rungume, a tunanina ko ba za su sake shi ba su karɓa su ba shi. Ko'ina amsa ɗaya: babu mai wannan suna a nan. A wata ƙofar mai gadin ya leƙa jakar, ya ga batir da waya, ya ja da baya ya ce, "Mama, ki rufa wa kanki asiri ki mayar da wannan gida." Na fara yi masa bayanin numfashi, ya ce mu matsa.

Gwaggo ba ta ce min uffan ba tun daga can har gida. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ni na nuna hanyar.

Alhamis, 26 ga Afrilu, da hantsi

Mun yi ta ɓoye wa Yarinyar, ana ce mata ya fita, yana masallaci. Jiya Gwaggo ta gaji ta faɗa mata komai, tun daga hucin iska har aski. Yau ta zo ta tsaya a kaina ina wanke-wanke.

Ta ce, "Kin san abin da 'yata ta ce? Ta ce akwai takunkumi na hanci zalla. Ko kusa da gemu ba ya zuwa. Ta ce wanda ya zo a kwalin ne kawai ta aiko, da an ce mata bai zauna ba da a satin ta sake wani. Tana kuka tana cewa me ya sa ba wanda ya gaya mata."

Na ce, "Malam ne ya ce mata lafiya lau."

Ta ce, "Shi namiji ne, da girman kansa. Ke fa? Ke da kika yi boko, baki ne ba ki da shi?"

Na so in ce mata ita ce fa ta koya min. Ita ce ranar da na ɗauki jaririyar a gaban mutane ta ce amaryar Kolo ba ta da kunya, aka yi ta yi min dariya har na yi kuka. Tun daga ranar na kame bakina, aka yi ta yabona. Amma me faɗar za ta ƙara? Waya tana hannuna ranar Asabar ɗin nan, tambayar tana bakina. Na ci gaba da cuɗa kwanon da na riga na wanke.

Talata, 1 ga Mayu, bayan azahar

Saƙo ya iso ta tasha. Takunkumi iri biyu Yarinyar ta aiko, wai a zaɓa masa wanda zai fi jin daɗi kafin ya dawo. Kafin ya dawo. Haka ta ce wa Gwaggo.

Na baje su a kan gado. Ɗaya kamar ɗan ƙoƙo ne, yana kifa a kan hanci gaba ɗaya. Ɗayan ɗan mitsitsi, wasu 'yan tausasan robobi biyu ne da ke zama a bakin ƙofofin hanci, da siririn maɗauri ta bayan kai. Kowanne da ƙarami da matsakaici da babba.

Hancin da za a gwada ba ya nan, amma na san shi. Dogo ne, da ɗan tudu a tsakiya, a nan ne babban takunkumin ya yi masa gyambo. Mai ƙoƙon a kan gyambon zai zauna, na ture shi gefe. Malam kuma ta gefen dama yake kwana, fuskarsa a cikin filo, abu mai tudu zai goce. Ga zafi, roba mai faɗi gumi take tarawa. Bakinsa a rufe yake barci in dai an tallafe masa wuya, wannan ni ce shaida. Na zaɓi ɗan ƙaramin. A girma na yi ta juya su, ƙarami zai shige ciki ya dame shi, babba zai buɗa masa hanci. Na ɗauki matsakaici.

Sai na ce bari in gwada a fuskata in ji ko yana ciwo. Na kunna injin. Iska mai sanyi, ba huci, ba nauyi. Na sa hannu na shafa haɓata, na shafa kumatuna. Babu abin da ya taɓa su. Ko gemun ya kai cibiya babu ruwansa.

Na daɗe zaune da shi a hancina ina kuka, injin yana ta hura min iska.

Laraba, 2 ga Mayu, da hantsi

Ni na buga wa Yarinyar da kaina. Ban taɓa ba.

Ta ɗauka ta ce, "Malama? Lafiya? An same shi?" Na ce ba a same shi ba. Na ce, "Bintu."

Ga shi na rubuta. Bintu.

Can ta ce, "Na'am, Umma."

Na ce, "Tambayarki zan yi, ki faɗa min gaskiya irin ta asibiti. Mai ciwon babanki, ba inji, ba maganin hawan jini, zai kai yaushe?" Ta ce ba wanda zai iya yankewa. Ta ce ai ya yi shekaru ba inji. Na ce, "Da ni a gefensa." Ta ce, "E. In dai akwai mai tashinsa in ya yi shiru, da sauƙi. Kuma kada ya kwanta rigingine."

Muka yi ta magana har kuɗin wayar ya ƙare. Muryarta irin ta mahaifiyata ce sak, ban taɓa saurara da kyau na ji ba.

Litinin, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Ba labari. Na wanke ɗan takunkumin da ruwan ɗumi duk da ba wanda ya sa shi sai ni, na rataye a ƙusar da yake rataye carbi. An kawo wuta na cika batir.

Yanzu gemun ya fara tsirowa, in dai…

Gwaggo ta aiko da dambu. Ta fara sakar min fuska.

Juma'a, 11 ga Mayu, bayan azahar

Wani mutum ya yi sallama, ramamme, ƙafafunsa a kumbure. Ya ce, "Nan ne gidan Malam mai minshari?" Na fito soro ko mayafi ban gyara ba.

Sunansa Sabo, ɗan dako ne a kasuwa, shi ma a shinge aka ɗauke shi. Shekaranjiya aka zubar da su wajen Ƙofar Kabuga. Bai san inda aka tsare su ba, a rufe aka kai su, a rufe aka fito da su. Amma ɗaki ɗaya suka zauna da Malam, kuma ya baro shi da rai.

Na kawo masa ruwa da abinci, ya ci yana ba ni labari. Ya ce, "Hajiya, ranar farko kamar a cinye shi. Ɗaki a cike, ga zafi, ga wannan gurnani. Da gari ya waye ya ba kowa haƙuri, ya ce, ''Yan'uwa, minsharin ba shi ne abin tsoro ba. In kun ji na yi shiru, ku zungure ni a nan.' Ya nuna haƙarƙarinsa. Ya ce haka mai ɗakinsa take yi masa."

Ya ce da yake wurin ba ya isa kowa ya kwanta lokaci ɗaya, wasu na zaune wasu na kwance, sai na zaunen suka ɗauki aikin. Shi Sabo ya fi kowa yi, don shi ne a gefensa. Har ya zama in Malam ya zabura ya ce "Na'am?", ɗakin ya amsa masa da "Koma, Malam." Ya ce Malam ne ke ja musu salla. Ya ce gemun ya fito, fari fat.

Na ce, "Ya ba ka saƙo?"

Ya ɗan yi murmushi. Ya ce, "Ya ce a ce wa Malama ya bi umarni, ya nemo masu zungurinsa. Amma duk cikinsu ba wanda ya iya kamar ke, su da mugunta suke yi. Ya ce kuma kada ki sa wa ranki komai, barcin da ya yi a 'yan kwanakin nan da injin, bai taɓa yin irinsa ba tun da aka haife shi."

Na shiga ciki na ɗauko ɗan takunkumin na nuna masa, ban san dalili ba. Ya karɓa ya juya shi, ya ce, "Ɗan wannan ne?" Na ce ɗan wannan ne.

Da ya miƙe zai tafi na ce, "Malam Sabo, yanzu da ka fito, wa yake gefensa?"

Ya tsaya yana kallon takalminsa. Ya ce ranar an fitar da mutane da yawa, wasu gida, wasu bai san ina ba. Ɗakin ya yi fili, yanzu kowa na iya kwanciya lokaci ɗaya. Ya ce, "Na bar wa wani dattijo amana, Hajiya. Ya ce zai yi. Sai dai shi ma jikin ba ƙwari, kuma yana da nauyin barci."

Na ce Allah ya saka masa da alheri. Ya ce amin, ya tafi yana ɗingishi.

Asabar, 12 ga Mayu, bayan asuba

Cikin barci na ji shiru, na kai gwiwar hannu da ƙarfi. Bango na samu.